Mu 'Yan Bayan Coci

A unguwarmu ba a aika wa kowa katin gayyata zuwa wahala. Da an ji kuka ya tashi a wani gida, na haihuwa ne ko na rasuwa, kafin mai gidan ya gama laluben lambar Baba Fasto a waya mun riga mun iso. Wata da bokitin ruwa a ka, wata da ɗaurin icce, wata da tsintsiya. Wata kuma ba ta riƙo komai ba sai bakinta, ita ma da ranarta, don ita za ta zauna kusa da mai makoki ta hana ta nutsewa cikin tunani. Ba wanda ya raba mana aikin nan. Shugabar zumuntar mata takan iso daga baya da littafinta, ta tarar an kafa duwatsun murhu har ruwa ya fara tafasa, ta rubuta komai a jere sai ka ce ita ta tsara. Mu kuma mu ce, "Mama, Allah ya ƙara hikima." Zaman lafiya ke nan.

Mutanen wasu unguwanni suna kiranmu masu shisshigi, kuma ba sharri suka yi mana ba. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa ƙafarmu ba ta da burki.

In ana biki a coci, ko ɗaurin aure ko godiyar kaka ko naɗin dattawa, jama'a kashi biyu ce. Akwai 'yan gaba, masu kujerun roba ƙarƙashin rumfa, ana ajiye musu ruwan gora da lemo. Akwai kuma mu, 'yan baya, tsakanin bangon majami'a da katanga, inda hayaƙi ke wa mutum kwalli kyauta. Tun duku-duku an je kasuwar Farin Gada an sha ciniki kan kwandon tumatir da tattasai da kabeji, an ratsa Katako an auno shinkafa. Wanda ya san sanyin Jos na watan Disamba ya san abin da ake nufi da tsoma hannu cikin ruwan wanke shinkafa ƙarfe biyar na asuba. Ankon zumunta yana jikinmu, amma mun rufe shi da tsohon zani don kar mai ya ɓata shi, sai lokacin waƙarmu ya yi mu kwance, mu goge fuska, mu shiga a jere da rawa, mu fito mu koma bakin tukunya. Tukunyar kuwa sai mata huɗu ke sauke ta, biyu a kowane kunne, ana ihun "a hankali, a hankali!"

Rabon abinci yana da tsari wanda ba a rubuta ba. A fara da baƙi, sai fastoci da dattawa, sai mawaƙa, sai 'yan birget da suka wuni suna busa ƙaho, sai yaran makarantar Lahadi, waɗanda ke shiga layi sau biyu da fuska iri ɗaya su rantse ba su ba ne. In an gama, mu leƙa tukunya. Ƙanzo. Mun san kaza tana da cinya, tunda mu muka soya ta, amma a farantinmu wuya da ƙafa ne suke sauka, in ma sun sauka.

To, ga abin da nake so a duba. Je ka gaba ka kalli fuskoki: kowa na satar kallon agogo, mai jawabi ya ce "daga ƙarshe" karo na uku, wani ya kumbura don an zaunar da shi layi na biyu alhali bara a na farko yake. Dawo baya. Wata ta kifa jarka tana kiɗa, wata na kaɗa ludayi a murfin tukunya, tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa tun safe ta miƙe tana juyi. Ana ƙwace ƙanzo ana dariya har da hawaye, ba a san na hayaƙi ne ko na dariyar ba. Lambobin Littafin Waƙoƙi a ka suke, ba mai buɗe shafi. Ni dai ban taɓa ganin wadda ta bar bayan coci da fushi irin wanda 'yan gaba ke tafiya gida da shi ba. Da ciwon baya, e. Da ƙunar yatsa, sosai. Amma a hanya waƙa take yi.

Baba Fasto ya ce ba mu muka fara ba. In ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sai ya tuna mana cewa mutumin nan a ɗaure yake sa'ad da ya rubuta ta, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba, amma cikin surori 4 kacal ya ambaci murna da farin ciki fiye da sau goma. A garin Filibi ɗin ne ma, can ƙasar Makidoniya, aka taɓa yi masa bulala tare da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, tsakar dare sauran fursunoni suka ji su suna waƙa. A sura ta 2 kuma ya roƙi mutanen su bar takara da neman suna, kowa ya sa buƙatar na kusa da shi gaba da tasa, ya nuna musu Yesu wanda ya bar ɗaukaka ya zo ya yi bauta har kan gicciye. Baba yakan ce murnar da sauke kan ba batu biyu ba ne, ɗaya ke haifar da ɗaya.

Mu kuma a wasiƙar nan da labarin garin Filibi 'yan unguwarmu muke gani. Ga Lidiya mai sayar da shunayya, wadda Ayyukan Manzanni ya ce ta matsa wa su Bulus lamba sai sun sauka a gidanta. Muna da irinta, in ka ce ka ƙoshi ta ɗauka zagi ne. Ga Abafaroditas, wanda ikilisiya ta aika da gudummawa ya kai wa Bulus, ya je ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, abin da ya fi damunsa kuma shi ne wai mutanen gida sun ji labari, hankalinsu zai tashi. Wannan ai ɗan gidanmu ne. Je ki asibitin Jankwano ki duba wani dattijonmu a gado, ruwa na shiga hannunsa, tambayar farko da zai yi miki ita ce, "Wa ya gaya miki? Na ce kar a dami kowa. Kin ci abinci kuwa?"

Sai kuma Afodiya da Sintiki. Mata biyu ne da Bulus ya shaida sun yi fama tare da shi cikin aikin bishara, amma suka saɓa, har sai da ya kira sunansu a wasiƙa yana roƙo su shirya. Shekara kusan 2000 ke nan ana karanta sunayensu a gaban jama'a, ba a faɗi abin da ya haɗa su ba. Mu dai a zumunta mun yanke hukunci cewa kan ludayi ne: wa za ta raba nama. Duk ranar da aka karanta wurin nan, akwai mata biyu a bencinmu da kowa ke ƙoƙarin kar ya kalle su, su kuma kowace tana kallon silin tana cewa amin da ƙarfi.

Don gaskiya, tawali'un namu ma yana da gasa a ciki. Ku tsaya bakin ƙofar coci ku gani. "Yaya, shiga." "A'a Mama, ke ki fara." "Haba, ni wa?" Ana ta haka, mutum ashirin a baya sun tsaya cikin yayyafi. Sai lokacin sanarwa. Sakatare ya gyara tabarau ya ce wani ɗan'uwa da ba ya so a ambaci sunansa ya ba da buhun siminti goma. Nan take ɗan'uwan da ba ya so a ambaci sunansa ya yi gyaran murya, ya gyara hannun babbar riga, ya sunkuyar da kai yadda har na bencin ƙarshe zai gane shi. Ranar godiyar kaka kuwa, in an zo gwanjon amfanin gona, doya ɗaya takan kai kuɗin akuya, don dattawa biyu sun kafe, kowa ba ya so a ce ɗayan ya fi shi son Allah. Kuɗin dai baitulmalin coci suke shiga, ba mu ƙi ba, Allah ya ƙara musu irin wannan rigima. Amma mun karanta Matiyu sura 6, mun san abin da aka ce game da hannun hagu da hannun dama, kuma hannun hagunmu a nan ba abin da ke wuce shi, har rasit yake karɓa.

Abin da na lura shi ne, irin wannan bayarwa ba ta daɗe da daɗi. Tafi na ƙarewa, mai siminti ya fara lissafi: an gode masa yadda ya kamata? An sa shi cikin kwamitin gini? Kafin Laraba ya ji haushin wani. Ita kuwa tsohuwar da ke zuwa da mudun acca ƙulle a leda, ta ajiye bayan ƙofar ofis ta sulale, ba ta da wanda za ta ji haushi, don ba ta jiran komai daga kowa. In kika tare ta ma sai ta ce ba ita ba ce. Mun san ita ce, don ledar da take ƙulle daddawar da take sayarwa ce, ƙamshin ke tona ta. Ranar da aka yi wa'azi kan gwauruwar Markus sura 12 mai 'yan kuɗi biyu, barci ma ta yi.

Wasu na cewa turawan mishan ne suka koya mana wannan hali. Ba duka ba. Gayya ta girmi coci a ƙasar nan. Kakanninmu suna taruwa su nome gonar wanda ya kwanta ciwo tun ba su ji sunan Yesu ba. Abin da bishara ta yi shi ne ta faɗaɗa da'irar. Da, dangi ne da 'yan ƙabila. Sai aka wayi gari ana wanke gyambon baƙon da ba a san yarensa ba a asibitin Vom, wanda aka buɗe a 1922, ana kula da kutare a Garkida da Mangu lokacin da danginsu ma ke gudunsu, can Nijar kuma aka kafa asibitin Galmi a 1950. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya sha fama a kansa tare da wasu, shi ya sa yau Birom da Angas da Bajju da Margi da Tangale ke zama benci ɗaya su yi sujada da harshe ɗaya, su yi faɗa ma da shi. Iyayenmu kuma ba su tsaya karɓa kawai ba. Ƙungiyar aika masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda ake kira EMS yanzu, an kafa ta a 1948, shekara 6 kafin ikilisiyar ECWA kanta ta tsaya da ƙafarta a 1954. Manoma ne da matansu suka riƙe ta da baikon dawa da kaji da 'yan kwabbai, mutanen da su kansu ba su da takalmi na biyu.

An gwada mu a 2014. A ƙarshen Oktoba na shekarar Boko Haram ta ci Mubi, ta mamaye hedkwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi, shugabannin ikilisiyar suka dawo Jos na ɗan lokaci, jama'a kuma suka watsu, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu nan. A lokacin ba a yi sanarwa ba, ba a yi gwanjo ba. Mota ta sauke mutane, wani ya ce yana da ɗan'uwa a unguwar, ɗan'uwan ya buɗe ƙofa ya ga ba mutum biyu ba ne, zuri'a ce. Gida mai ɗaki biyu ya ɗauki iyali uku. Maza a falo, mata da yara a ɗaka, masu gida a kicin. An ƙara wa miya ruwa, an ƙara wa kunu ruwa, har yara suka riƙa tsokana cewa ana iya ganin fuska a cikin kofi. Ba zan ce ba a yi gunaguni ba, an yi, musamman kan layin banɗaki da safe. Amma ku tambayi duk wadda ta sauki baƙi a shekarar, ba za ta ba ku labarin da baƙin rai ba. Za ta ce a lokacin ne ta koyi miyar yakuwa irin ta mutanen Michika, a lokacin ne addu'ar dare a gidanta ta zama addu'a, ba karatun haddar da ake yi ana hamma ba. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, daga baya aka gina musu gidaje 86 a Sangere Margi, aka buɗe a 2021, da coci da makaranta, har da masallaci don Musulmin cikinsu. Wasu namu sun yi ta surutu kan masallacin. Ni a ganina in ka ce wa mutum ga gida, ba ka ce masa ya bar sallarsa a bakin ƙofa.

Wannan ya kawo ni kan kwanon Kirsimeti. Tun muna yara, ranar 25 ga Disamba aikinmu shi ne kai shinkafa da miya da cincin gidajen maƙwabta Musulmi, da Babbar Sallah kuma 'ya'yansu su kawo mana nama da waina. Iyayenmu kan kira Musulmi ya yanka kaza ko akuyar, don kar a kai wa maƙwabci abin da ba zai iya ci ba. Ba wanda ya kira wannan tauhidi, amma shi ne: ka tambayi abin da zai yi wa ɗayan daɗi kafin abin da ya fi maka sauƙi. Tun rikicin Satumba 2001 garin ya rarrabu, maƙwabtan da ke bayan katanga suka koma wata unguwa, mu ma wasunmu suka taso daga can. Kwanon bai mutu ba, sai dai yanzu Keke yake hawa, ana bin sa da waya: "Hajiya, ya iso? A yi haƙuri, miyar ta ɗan zube." Kuma kar mu ɗauka mu kaɗai ke da wannan darasi. A watan Yunin 2018, lokacin wani hari a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, galibinsu Kirista, ya tsaya a gaban mahara ya hana su shiga, da ransa a hannu. Amurka ta karrama shi a 2019. A bayan coci, da muka ji labarin, wata mama cewa ta yi, "To, liman ya yi mana wa'azin Basamariye, saura mu ce amin."

Sai dai akwai inda muke cutar kanmu da sunan sa wasu gaba, kuma wannan ba abin dariya ba ne sosai. A kowace zumunta akwai mace ɗaya ko biyu da ba sa iya cewa a'a. Ita ce a gidan rasuwa, ita ce a asibiti, ita ce a gonar gwauruwa, ita ce mai kwana da mai naƙuda. Mu kuma mun gano ta, sai mu riƙa cewa, "Ai Mama tana da baiwar hidima," mu zame. Baiwa ce, amma hawan jini ma yana nan. Ranar da ta faɗi aka kwashe ta, sai aka tarar kuɗin maganinta ta ba wata ta biya kuɗin jarrabawar ɗa, 'ya'yanta kuma garin kwaki suke sha tun shekaranjiya. Wannan ba farin ciki ba ne, mu ne muka mai da kirkinta jakin unguwa. Kuma in an zo taimaka mata, sai ta ƙi. "Ba komai, mun gode Allah." Kalmar nan ta "ba komai" ta kwantar da mutane da yawa a unguwar nan. Bitrus ma haka ya yi a Yohanna sura 13, da Ubangiji ya ɗaura tawul ya zo wanke masa ƙafa, ya noƙe, sai da aka nuna masa cewa ƙin karɓa ba tsarki ba ne. Wadda ba ta yarda a yi mata, ta hana wata samun daɗin da ita take samu. Yanzu dai mun koyi dabara: ba ma tambayarta. Mu shiga gidan, wata ta kama wanki, wata ta ɗora tukunya, wata ta zauna a bakin ƙofa ta tsare ta kar ta tashi. Tana faɗa, muna waƙa.

Haka kuma ba ma so a riƙa tilasta wa mutum murmushi. Akwai masu zuwa gidan makoki tun gawa ba ta yi sanyi ba su fara cewa Kirista ba ya baƙin ciki. Wa ya ce? Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Murnar da muke magana ba ta hana hawaye. Matar da ta binne mijinta bara, ita ce bana ta fi kowa sanin yadda ake zama da sabuwar gwauruwa: ba ta yi mata wa'azi, ta dai kawo kunu, ta tsefe mata kai, ta kwana. In kin gan su bayan wata biyu suna tafiya addu'ar safe tare, ɗaya na tsokanar ɗaya kan ɗaurin ɗankwali, kin ga abin da ake nufi.

Maza fa? Kar a ce na yi musu rashin adalci. Su ke haƙa kabari, su ke kafa rumfa, su ke kwana a layin asibiti in ana neman jini, kuma akwai direban da ya mai da motarsa ta ɗaukar marasa lafiya ba ya karɓar ko na mai. Amma tukunya, a'a. Sura 13 ɗin nan ta Yohanna suna son ta a wa'azi, ba sa son ta da soso. Da Mama Fasto ta gaji, ta tashi a taron ikilisiya ta ce, "Baba, da izininka, Ubangiji da kansa ya ɗaura tawul, ko akwai inda aka rubuta cewa tawul ɗin na zumuntar mata ne?" Majami'a ta yi tsit, sai wani dattijo ya ce a kai maganar kwamiti.

Kwamiti ya zauna, zumuntar maza ta amince za ta wanke tukwane bayan ɗaurin auren da ke tafe. Sun zo kuwa, har da naɗe hannun riga. Mutum tara suka kewaye tukunya ɗaya, ɗaya na wankewa, biyu na zuba ruwa, sauran na ba da shawara. Omon da ke kai mu wata guda suka ƙarar a yammacin. An ɗauki hoto, kafin magariba ya zagaye WhatsApp, ranar Lahadi kuma sakatare ya karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya aka tafa. Mu ma mun tafa, da zuciya ɗaya, don mun ga ma'ajin coci yana dariya har da riƙe ciki lokacin da tukunya ta kife masa a ƙafa, mutumin da tun da aka ba shi makullin akwatin baiko ba a ga haƙorinsa ba. Da suka tafi muka sake wanke tukwanen, don sun bar maiƙo a gindi. Mun ji an ce da Kirsimeti za su zo yanka albasa, Mama Shugaba har ta sa a nemo musu wuƙaƙe marasa kaifi.